Aikin kwalin magani ba ya zuwa da tsohon kwali a aljihu

Tambaya: Ina da ƙaramar maɗaba'a a Kano. Ɗan wana ya kawo mini aikin kwalayen maganin zazzaɓin cizon sauro guda 50,000. Ya ba ni tsohon kwali in kwaikwaya, ya ce sai an kai kaya kamfanin zai biya, ribar kuma ta isa in ƙara inji. In sayi takardar?

Amsa: Alhaji, ko falle ɗaya kada ka saya. Bashin ma ƙaramar matsala ce. Kuskurenka shi ne ka ɗauki zumunci a madadin takardar oda.

Kamfanin da ya yi rajistar magani da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ba ya ba da tsohon kwali a kwafa. Zanen da hukumar ta amince da shi yake turowa ta kwamfuta, ka buga samfur, jami'insu na kula da inganci ya sa hannu, sannan a yi farantin bugawa. Takardar kan kasance mai kauri, mai nauyin giram 300 zuwa 350 a kowane murabba'in mita. A buga, a shafa mata sheƙi, a yanka da wuƙar da aka ƙera daidai girman kwalin, a karya, a manne. Wurin lambar rukuni da ranar lalacewa fari ake barinsa, ba sheƙi, don kamfanin ne ke buga su ranar zuba magani. In ka shafe wurin, tawada ba ta kamawa. Kuskuren milimita ɗaya kan sa kwali ya maƙale a injinsu, su dawo maka da kayan duka. In aka karya takarda ba bisa jijiyarta ba, wato yadda zarenta ya kwanta, gefen tsagewa yake.

Sannan akwai ƙidaya. Kwalayen da suka ɓaci ma lissafa su ake a lalata, don kwali ɗaya da ya fita ya isa mai jabu. Rufe wa mai maɗaba'a shago na iya farawa haka, da wani na gida da ya ce "ai ni ne". Ranar da jami'ai suka zo, faranti a shagonka za a samu, dokar jabun magunguna ta 1999 kuma da ɗauri take zuwa.

Ka ce wa ɗan wanka ya kawo oda a takardar kamfanin, da kwafin shaidar rajista, da rabin kuɗi daga asusun kamfanin. Ka kuma je masana'antar da ƙafarka ka tambaya ko sun san shi. Zancen ƙarin inji, a ajiye shi tukuna.