Kun Tambaya: Shin Darwin da Mendel sun taɓa rubuta wa juna wasiƙa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Zariya, ina karatun bayoloji. Muna ta musu da ƙawata, ita ta dage wai Darwin da Mendel abokai ne har suna musayar wasiƙu kan gadon halitta, ni kuma na ce ban yarda ba. Don Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ke ce da gaskiya, sai dai kar ki yi wa ƙawar taki dariya, don zamaninsu ɗaya kuma Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, mutum ne mai shegen rubuta wasiƙa, waɗanda aka tattara tsakanin nasa da na masu rubuto masa sun kai wajen dubu 15. Amma ko ɗaya babu tsakaninsa da Mendel. Shi Mendel ya karanta littafin Darwin na 1859 kan asalin nau'o'in halittu a fassarar Jamusanci har da ja layi a ciki, shi kuwa Darwin babu wata shaida cewa ya taɓa karanta aikin Mendel.

Lokacin ai babu waya babu imel, gidan waya ne komai, a ambulan ake aika iri, a kwali ake aika busasshen fure da ƙwari. A 1862 aka aika wa Darwin wani fure ɗan asalin Madagaska mai dogon bututu kusan santimita 30, zumar tana can ƙasa, ya ce lallai akwai wani malam-buɗe-littafi na dare mai harshen da zai kai wurin. Sai a 1903 aka bayyana ƙwaron, shi Darwin ya rasu tun 1882.

Mendel kuwa malamin coci ne a garin Brno, ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 yana ta barbarar koren waken nan da kike gani a soyayyiyar shinkafa, da hannu yake ɗaukar garin fure daga wannan ya shafa wa wancan, kuma babban abin da ke ɗaga masa hankali shi ne ƙwaron da ke huda wake kar ya shiga fure ya dagula masa lissafi, shi ya sa ya ajiye wasu tukwanen shuka a rufaffen ɗaki don ya riƙa gwadawa. Da ya haɗa masu jan fure da masu fari, a jikokin shukar ya ƙirga masu jan fure 705, masu fari 224, kusan uku da ɗaya ke nan.

To wa Mendel ya aika wa sakamakon aikinsa? Cikinsu akwai Carl Nägeli, babban farfesan tsirrai a Munich, ranar ƙarshe ta 1866. A ganina nan abin ya ɓaci. Farfesa bai ɗauki zancen waken da muhimmanci ba, sai ya ƙarfafa masa gwiwa kan wata ciyawa mai suna Hieracium da shi kansa yake nazari. Ashe ciyawar nan yawanci tana yin iri ba tare da barbara ba, 'ya'yan su fito sak uwarsu, kuma a lokacin babu wanda ya san haka. Bawan Allah ya yi ta fama da mitsi-mitsin furanni da madubi har idonsa ya samu matsala, lissafi ya ƙi fitowa. A 1868 aka naɗa shi shugaban gidan ibadarsu, aikin ofis da rigimar haraji da gwamnati suka cinye shi, ya rasu a 1884. A wannan shekarar Nägeli ya fitar da ƙaton littafi kan gado, ko sunan Mendel bai ambata ba.

Sai a 1900 masana uku suka tono aikin Mendel, cikinsu har da Carl Correns, wanda ɗalibin Nägeli ne, kuma shi ne ya buga wasiƙun da Mendel ya rubuta wa malamin nasa a 1905. Su za ki ce wa ƙawarki ta nema.