Tankin Mai na Biyu a Motar Daji: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon duk sun zo ne daga masu motocin da ke barin kwalta su yi nisa da gidan mai. Mun ɗan taƙaita su.

Ina da Hilux mai shan gazuwal, wato dizal, tankinta lita 80. Ina kai kaya daga Agadas zuwa Bilma, kullum da jarkoki shida a baya. In sa tanki na biyu ko in ci gaba da jarka? In tanki ne, lita nawa? (Mai karatu daga Agadas)

Alhaji, kafin ka je kasuwa ɗauki biro. Hanyar nan ta kai wajen kilomita 600, kuma yawancinta rairayi ne. Hilux ɗin da ke shan lita 10 a kilomita 100 bisa kwalta, in ta shiga rairayi mai laushi da kaya, an rage iskar taya, an sa giyar taimako, ba abin mamaki ba ne ta sha 16 zuwa 20. Mu ɗauki 18. Tafiyar za ta ci lita 108. Ƙara kashi ɗaya bisa uku saboda ɓatan hanya, kafewa da iskar da ke bugowa ta gaba, ka samu kusan 145. Cire 80 na tankinka, saura 65. Ke nan tanki mai lita 70 ya ishe ka zuwa. Amma lissafin da ya fi wannan shi ne naka: cika tanki fal, rubuta kilomita, yi tafiyar, sake cikawa, ka ga abin da motarka take sha da nata kayan.

Kada ka ce tunda za a yi, a yi babba. Litar gazuwal ɗaya ta kai gram 840. Lita 100 kilo 84 ke nan, tankin ƙarfe da maƙalansa su ƙara wajen 35. Ka ɗora wa mota buhu biyu da rabi na siminti da ba ya sauka, kuma galibi a bayan tayoyin baya, inda ya fi gajiyar da sifirin da shokozoba.

Tanki ya fi jarka don nauyinsa yana ƙasa, kuma ba ka buɗe baki cikin ƙura kana ɗura mai da ƙasa tare. Duk da haka ka bar jarka ɗaya ko biyu. In dutse ya fasa tanki, su ne za su fitar da kai.

Mai walda a unguwarmu ya ce zai ƙera min tanki da rabin kuɗin na waje. In yarda? (Mai karatu daga Kaduna)

Tankunan da aka ƙera don kowace mota, irin Long Ranger da Brown Davis na Ostireliya, suna zuwa da maƙalai da tiyo da suka dace da ramukan shasi, amma da tsada, ga kuɗin jigila. Akwai hanya ta tsakiya da mutane ke mantawa: wasu Land Cruiser 78, 79 da 80, da wasu Prado, sun fito daga kamfani da tanki biyu. In motarka daga cikin dangin nan take, nemi tankin na biyu na hannu tare da wuyansa, gejinsa da famfonsa. Aiki ya ragu da rabi.

In kuwa ƙerawa za a yi, mai walda nagari zai iya, sai dai ka tsaya a kansa da sharuɗɗa.

Ƙarfen kada ya gaza kaurin milimita 2, gindinsa 3 in zai zauna inda duwatsu ke tashi. Kada a yi amfani da galbanaiz, wato ƙarfe mai shafen tutiya irin na kwanon rufi. Gazuwal yana cin tutiyar a hankali, ta bi mai ta je ta daskare a bakin nozul. Kada kuma a shafa fentin gida a ciki. Zai ɓare ya toshe filta.

A cikin tankin dole a sa bango biyu ko uku na ƙarfe, tazarar kamar santimita 30, kowanne da yanka a kusurwoyin ƙasa don mai ya wuce, da na sama don iska ta wuce. Wannan ne abin da masu arha ke tsallakewa, don ba a gani daga waje. Tanki marar bango, in ya kai rabi, kilo 40 na mai zai riƙa dukan gefe ɗaya duk sanda ka taka birki ko ka hau gargada. A hankali sai walda ta tsage a kusurwa. Ka ce a kira ka ka gani kafin a rufe saman.

Bututun da zai tsotso mai ya shigo ta sama ya sauka, ya tsaya kamar santimita ɗaya daga gindi.  A wuri mafi zurfi a sa noti na zubar da ruwa da laka. Wuyan ɗura mai kuma ya ɗan leƙo ciki, yadda ko an cika fal za a bar iska kamar kashi 5 cikin 100. Mai yana kumbura da zafi: lita 100 da aka ɗura da asuba a ma'aunin zafi 20, in rana ta kai 45, ya ƙaru da lita biyu ko fiye. In babu inda zai je, zai nemi hanya da kansa.

Kafin fenti a gwada. A toshe dukkan bakuna, a hura iska kaɗan, kada ta wuce PSI 3 a ma'aunin iskar taya, sannan a bi kowace walda da ruwan omo ana duban kumfa. Mai faci da ke son burge ka zai danna masa iskar taya, tanki ya kumbura kamar ƙosai. Hana shi.

Wajen ɗaurawa, a yi amfani da ramukan da ke jikin shasi, da kusoshi M10 masu lamba 8.8 da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwancewa. Ba a walda a shasi, ba a huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Kada a ɗaure gefe ɗaya a bodi ɗaya a shasi, domin kowanne motsinsa daban, tankin ne zai yage a tsakani. A sa roba tsakanin tanki da maƙali, ba tsumma ko katifa ba, su ruwa suke riƙewa su kawo tsatsa. A bar aƙalla santimita 5 tsakaninsa da salansa, da faranti na kare zafi.

Abu ɗaya babu ciniki a kansa: tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko ya shekara a bushe, kada a kai masa wuta a garejin bakin titi. Tururin da ya maƙale a ciki ya kashe masu walda da yawa.

Wane famfo zan saya? An nuna min na cikin tankin wata mota ɗan kwatano, an kuma nuna min babba mai zuba lita 40 a minti. (Mai karatu daga Maiduguri)

Duka biyun bar su. Na cikin tanki an yi shi ne don ya tura fetur da matsi mai ƙarfi, bar 3 zuwa 4, ga injin, kuma man da yake nutse ciki ne ke sanyaya shi. Tanki na biyu kuwa aikinsa ya ƙare ƙaf, ranar da ka manta shi a kunne zai ƙone. Babban kuma na ɗura wa tarakta ne daga ganga. Ya fi ƙarfin siririn tiyo, zai cika babban tanki kafin ka ankara, kuma yawancinsu na dizal ne kaɗai, fetur haɗari ne a gare su.

Abin da kake so ƙaramin famfo ne mai ƙarancin matsi, irin ɗan murabba'in nan na Facet mai ƙarar kaf-kaf-kaf: PSI 4 zuwa 7, wajen lita 2 a minti, wutar da ba ta wuce amfiya 2 ba. Lita 60 za ta ɗauke shi rabin awa, kana tafiyarka. Duba batirin motarka tukuna, don wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal wutarsu bolt 24 ce, ba 12 ba. Jabu sun cika kasuwa, saboda haka sayi biyu ka ajiye ɗaya a akwatin sifana.

Irin wannan famfon ya iya turawa, bai iya tsotsa ba. Ɗaure shi kusa da tanki na biyu, a ƙasa, kada ya fi gindin tankin tsawo da santimita 30, bakin fitarsa yana ɗan kallon sama. Gabansa a sa filta mai ɗan faɗin ido don tsare tsatsa da yashi. In motarka ta zamani ce mai injin kamar 2KD ko 1GD, ƙara filta mai raba ruwa bayan famfo. Nozul ɗin waɗannan injuna ba sa yafe ruwa, kuma man 'yan bumburutu, ko 'yan ruwa-ruwa kamar yadda ake ce musu a Nijar, ba a rasa shi da ruwa.

Bakanike na so ya haɗa tankin kai tsaye da injin, da bawul na canjawa. Wani ya ce a zuba a babban tanki. Wanne ya fi? (Mai karatu daga Damagaram)

Na biyun. Injin dizal yana mayar da ragowar mai tanki. In za ka canja tanki, sai ka canja layin zuwa da na dawowa tare. In aka canja ɗaya kawai, injin zai sha daga wannan ya riƙa zubawa a wancan har ya yi ambaliya. Ga kuma iska da ke shiga layi duk sanda tanki ya ƙare, ka tsaya tsakiyar rana kana famfo da hannu. In ka bar layin injin yadda kamfani ya yi shi, ko famfonka ya mutu mota tana tafiya, ka zuƙo man da tiyo.

Ga yadda ake yi. Tiyon mai na milimita 8, wanda aka rubuta SAE J30 a jikinsa, ba farin tiyon ruwa ba, ya tashi daga famfo ya shiga wuyan babban tanki ta wani ɗan bututu da aka dasa. A ɗaure shi a shasi kowane santimita 30 zuwa 40, nesa da salansa da farfela, a sa masa riga inda zai gogi ƙarfe. Kowane haɗi da kilif mai noti.

Sai wuta. Daga batir waya ta bi ta fis mai amfiya 5 da aka sa dab da batir, ta shiga ƙafa ta 30 ta rile, wato ɗan makunnin lantarki mai lamba a kowace ƙafa, ta fita ta 87 zuwa famfo. Ƙafa ta 86 ta samu wuta daga makunnin da ke gaban direba, wanda shi kuma ba ya samun wuta sai an murɗa makulli. 85 ta tafi jikin mota. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta isa. A sa fitila mai haske a makunnin.

Inda aka fi yin asara shi ne mantuwa. Direba ya kunna, hira ta yi daɗi, babban tanki ya cika, mai ya riƙa fita ta bututun numfashi yana zuba a kan taya da salansa. Maganin biyu ne, kuma duka za ka yi. Na farko, rile mai ƙidayar lokaci da zai kashe famfo bayan minti 15, wato lita 30 a kowane dannawa. Na biyu, tiyo mai faɗin milimita 12 zuwa 16 daga saman wuyan babban tanki ya gangaro zuwa na biyu, yadda duk abin da ya yi yawa zai koma inda ya fito. Kuma ka saba: ba a kunnawa sai geji ya sauka ƙasa da rabi.

Famfona yana ƙara amma mai ba ya zuwa. Sabo ne. (Mai karatu daga Gashuwa)

Buɗe murfin tanki na biyu ka saurara. In ka ji ya ja iska, fuuu, bututun numfashi ne ya toshe. Laka, ƙura, ko zanzaro da ya gina ɗaki a bakinsa lokacin da mota ke ajiye. Mai ba zai fita ba sai iska ta shiga. Busa shi, ka ɗaga bakinsa sama da inda ruwa ke kaiwa in kana ƙetare rafi, ka lanƙwasa shi ya kalli ƙasa, ka sa masa ƙaramar filta da bawul ɗin da ke rufewa in mota ta kife.

In ba shi ba ne, saurari famfon. Ƙara mai sauri da kaifi na nufin iska yake ja: kilif ya saki ko tiyo ya tsage tsakaninsa da tanki, kuma irin wannan tsagar ba ta yoyo, shi ya sa ba a ganinta. Ƙara mai nauyi a hankali na nufin gaba ne ya toshe ko tiyo ya lanƙwashe. Sannan duba kibiyar da ke jikin famfo da filta. Ana juya su fiye da yadda kake zato.

Motata ta fetur ce. Zan ɗora tanki a bayan akori-kura ya riƙa gangarowa da kansa, ba famfo. Kuma ina ƙetare iyaka. (Mai karatu daga Illela)

Malam, da fetur kada ka yi. Tankin da ke sama da babban tanki ba ya daina turawa, ko kana barci. Babban tanki zai cika, fetur ya bi ta gwangwanin gawayin da ke kama tururi, ya ɗiga a ƙasan mota. Dizal sai ya yi zafi sama da ma'auni 50 kafin tururinsa ya kama wuta. Fetur ko a sanyin hunturu tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ko da dizal ne, tsarin gangara yana buƙatar bawul na lantarki da ke rufe sai an kunna shi, da wani na hannu a gindin tanki. Kuma kowane irin mai ne, tanki ba ya zama a ɗaki ɗaya da fasinja.

Batun iyaka kuwa, ka san tun Nuwamban 2019, lokacin da hukumar kwastan ta Najeriya ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, idon jami'ai yake kan duk motar da ta ɗauki mai fiye da ƙima. Masu fasa-ƙwauri ma da ƙarin tanki suke aiki. Naka ya kasance a bayyane, da murfi da geji, ka riƙe rasit ɗin aikin da na man da ka sha, ka sanar da kamfanin inshorarka, ka kuma nuna shi da kanka a shinge kafin a tambaye ka.