Farin hayaƙi da safe: sanyi ne ko gasket?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Golf 3 mai shan fetur, tsohuwa ce amma tana yi mini aiki. Tun shigowar hunturu, in na tayar da ita da asuba sai farin hayaƙi ya yi ta fita ta salansa, injin kuma yana ɗan girgiza, bayan kamar minti 5 sai ya ɗauke. Wani makanike ya ce gasket ne, wani ya ce sai an yi ringin. Nakan ƙara ruwa kusan duk mako, kuma ta taɓa yin zafi a bazarar da ta wuce. Dole ne a buɗe injin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka bari kowa ya kwance ko noti ɗaya tukuna. Sai dai hayaƙin bai tsaya mini a rai kamar ruwan da kake ƙarawa duk mako ba.

Farin hayaƙi da sanyin safiya sau da yawa ba hayaƙi ba ne, tururi ne. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda. In salansa tana da zafi, ruwan yana fita ba a ganinsa. In ta kwana cikin sanyin Disamba ko Janairu, sai ya taru a ciki, da ka tayar ya fito fari, har ka ga bakin salansar yana ɗiga. Irin wannan ba shi da kauri, yana watsewa nan take, kuma injin yana tafiya sumul. Ko sabuwar mota tana yin haka.

Taka ta haɗa abu uku: girgiza, raguwar ruwa, da tsohon tarihin zafi. Injin Golf 3 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne, top silinda kuma alminiyom, wanda yake buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen. Gasket ne a tsakaninsu yake raba wuta da ruwa da baƙin mai. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya ɗan lanƙwasa top ɗin, gasket ya sami 'yar kafa. In ka kashe mota da daddare, ruwan lagireto yana nan da matsi, silinda kuwa ba ta da ko kaɗan, sai ruwan ya riƙa tsattsafowa ciki har gari ya waye. Da safe fulogin wannan silinda a jiƙe yake, ba ya ba da wuta sosai, shi ne girgizar. In ruwan ya ƙone, ƙarfe ya ɗumama ya matse kafar, sai komai ya koma daidai. Ɗaukewar hayaƙin bayan minti 5 ke nan ba ta wanke gasket ba.

Za ka ji ana cewa hayaƙin gasket yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Haka ne in kulant ke cikin motar, ruwan nan kore ko ja. Yawancinmu kuwa ruwan famfo ko na rijiya muke ɗurawa, shi kuma tururinsa ba ya warin komai. Kuma kada ka kai hancinka bakin salansa, ko ka bar mota tana aiki a rufaffen gareji, domin iskar da ke fita tana kisa.

Ga abin da za ka yi da kanka. Da safe, kafin ka tayar, ka yi alama a jikin gorar ruwan nan mai zagaye da ke cikin bonet, ka riƙa dubawa kullum a wannan lokaci har kwana 7. In yana sauka, nemi inda yake bi: tiyo, famfon da ke juya ruwan inji, jikin lagireto, murfin gorar, har da kafet ɗin gaba, don hitar cikin mota ta tsofaffin Golf takan yi yoyo a ɓoye. In ko'ina a bushe yake amma ruwa na tafiya, to injin ne ke sha. Sannan ka tayar da ita tana sanyi, ka matsa babban tiyon sama. In ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, tun ruwan bai ɗumama ba, ko ka ga kumfa na tasowa a gorar ba tsayawa, iskar silinda ce ke kutsawa. Murfin nan kuwa ba a buɗe shi da zafi.

A sa makanike ya ciro fulogai huɗun a jera su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi, alhali 'yan'uwansa sun yi launin ƙasa, silindarsa ce ke samun ruwa. Mutane sukan tsorata in sun ga farin abu mai kauri a murfin baƙin mai. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, motar da ba ta yin doguwar tafiya takan tara shi da sanyi. In dai man da ke jikin geji ya koma kalar shayi da madara, a nan ne za ka ajiye mota.

Batun ringin kuwa, wato canza zobban fistin, ban gamsu ba. Hayaƙin baƙin mai yana da shuɗi-shuɗi, yana wari, yana daɗewa a iska, kuma man yana raguwa. In ringi ne, da ka taka totur yake ƙaruwa, ba ya ɗaukewa don inji ya yi zafi. Shuɗin hayaƙin da ke fita da safe kawai ya tsaya, galibi robobin bawul ne suka bushe, aikinsu kuma bai kai rabin na ringin ba. Makaniken da ya yanke hukunci bai sa gejin auna matsin silinda ba, cinta yake yi. Akwai ma gwajin da ake yi da wani ruwa shuɗi a bakin gorar, wanda ke komawa rawaya in hayaƙin inji na shiga ruwan. Ba kowane gareji ke da shi ba, amma kuɗin nemansa bai kai na buɗe inji a banza ba.

In ya tabbata gasket ne, kada ka ja lokaci. Ruwa ba ya matsuwa, ranar da ya taru da yawa a silinda, kana murza makulli sandar fistin za ta lanƙwashe, aikin gasket ya koma na sayen inji. Wajen gyara, a kai top ɗin a auna shi, a goge fuskarsa in ta karkace, a duba ko ya tsage. A sa sababbin kusoshin top, don na wannan inji miƙewa suke yi in an ɗaure su, kuma a ɗaure da sifana mai geji bisa tsari, ban da ƙiyasin hannu. Sai a gano abin da ya jawo zafin bazara tun farko, ko fanka ce ko lagireto ya toshe. In an taɓa cire maka tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, aka haɗa fanka kai tsaye, kamar yadda aka saba a garejojinmu, a mayar da shi, allurar zafi ta riƙa tsayawa a 90, sannan a zuba kulant maimakon ruwan rijiya. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi.