Tambayi Likita: Maraina, mahaifa da kwanakin ɗaukar ciki

Tambayoyin wannan makon kusan duk sun taru ne a kan gaɓoɓin haihuwa, na maza da na mata, har da wani da ya sako awaki a ciki. Kamar kullum na cire sunaye.

Likita, wata takwas da aurena ban samu ciki ba. Kuma duk lokacin da muka sadu da maigida, da na tashi sai maniyyin ya zubo. Wannan ne ya hana ni ɗauka?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba shi ba ne. Kusan kowace mace haka take gani, ba a dai faɗa ne. Abin da muke kira maniyyi yawancinsa ruwa ne kawai da wasu ƙululai na jikin namiji suke haɗawa, ciki har da firostet da ke ƙarƙashin mafitsara. Ƙwayoyin haihuwar da ke iyo a cikinsa ba su kai kashi biyar cikin ɗari ba. Yana fitowa da kauri, bayan minti 15 zuwa 30 sai ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, kafin nan kuwa ƙwayoyin da ke da kuzari sun riga sun shige bakin mahaifa. Abin da ya zubo ɗan rakiya ne, ya gama aikinsa.

Abin da ya fi dacewa ki sa wa ido shi ne lokaci. Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagu, kuma a kowane zagayen al'ada yawanci ƙwai ɗaya tak ke fita. Idan ya fita, awa 12 zuwa 24 kawai yake rayuwa. Ƙwayoyin namiji kuwa suna iya zama a jikinki har kwana biyar suna jira. Saboda haka kwanakin ɗaukar ciki kusan shida ne: biyar kafin fitar ƙwan, da ranar fitarsa. A nan ne mata da yawa ke kuskuren lissafi, domin an haddace musu "rana ta 14". Gaskiyar ita ce ƙwan yana fita kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, ba bayan wadda ta wuce ba. Mai zagayen kwana 28, i, ranar ta 14 ce. Mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21. Jikinki ma yana ba ki alama: ruwan gaba zai ƙaru, ya yi garau, ya yi yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, har ki ja shi tsakanin yatsu biyu bai tsinke ba.

Wata takwas bai kai a ce akwai matsala ba. Idan kin cika shekara, ko wata shida in kin kai shekara 35, ku zo asibiti ku biyu. Na ce ku biyu, ba ke kaɗai ba.

Ni direban babbar mota ne. Na lura marainana na hagu ya fi na dama sauka, kuma an ce zafin inji yana kashe maniyyi. Gaskiya ne?

Malam, saukar na hagu haka halittar mafi yawan maza take, kuma tana da amfani, don kada biyun su riƙa gogar juna. Batun zafi kuwa akwai ƙamshin gaskiya. Dalilin da ya sa maraina suke rataye a waje ke nan: ƙera ƙwayoyin maniyyi yana son sanyin da ya gaza zafin jiki, wato digiri 37, da kamar digiri biyu zuwa uku. Shi ya sa za ka ga fatar ta tattare ta matso jiki idan ana sanyi, ta saki idan ana zafi. Dogon zama a kujera mai ɗumi, matsattsen wando, ko zazzaɓi mai zafi duk suna iya rage yawan ƙwayoyin, amma galibi na ɗan lokaci ne. Ƙera ƙwaya ɗaya yana ɗaukar sama da wata biyu, daga nan ta bi wani siririn bututu da ke nannaɗe a bayan marainan, wanda in aka warware shi zai kai mita shida, a can take koyon iyo. Don haka in an yi maka gwaji bayan jinya aka ga ƙarancinsu, kada ka yanke ƙauna, a sake bayan wata uku.

Abin da ba za ka yi wasa da shi ba: ƙulli mai tauri a jikin marainan ko da ba ya ciwo, jijiyoyin da suka kumbura kamar tsutsotsi a jaka (yawanci a hagu), da ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya. Wannan na ƙarshe murɗewar maraina ce mai yiwuwa, kuma awanni kaɗan ake da su, kamar shida, kafin ya lalace.

Ina kiwo. Me ya sa ban taɓa ganin akuya ko saniya tana jinin al'ada ba, amma karya tana yi?

Na ji daɗin wannan tambayar. A cikin dabbobi masu shayarwa, masu al'ada irin ta ɗan Adam 'yan tsiraru ne: manyan birai irin su gwaggon biri, wasu birai, wasu jemagu da 'yan ƙananan halittu kaɗan. A jikin mace, mahaifa tana shimfiɗa wa ciki wuri kowane wata, in bai zo ba sai ta zubar da shimfiɗar. Saniya da akuya ba sa zubarwa, jiki ne ke shanye ta. Abin da suke da shi shi ne lokacin neman barbara, wanda ke dawowa kusan duk kwana 21, tunkiya kuwa kwana 17. Jinin karya ma ba al'ada ba ce. Yana zuwa ne gabanin ta karɓi namiji, wato alamar ƙwai na shirin fita, alhali jinin mace alama ce cewa ƙwan ya wuce ba a dace ba. Kyanwa, zomo da raƙumi nasu ya fi ban mamaki, don barbarar ce da kanta ke sa ƙwan ya fita. Kuma mahaifar akuya da ta karya ƙaho biyu gare ta, na karya kuma dogaye ne, shi ya sa 'ya'ya shida ko takwas suke samun wurin jerawa. Ta ɗan Adam ɗaki ɗaya ce, an yi ta ne don ɗa guda.

An yi mini aiki an cire bututu ɗaya saboda ciki ya zauna a wajen mahaifa. Zan sake haihuwa?

Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Da yardar Allah za ki iya, muddin ɗayan lafiyarsa ƙalau. Bututun nan da ke tsakanin ma'ajiyar ƙwai da mahaifa, mai tsawon kamar santimita goma, a cikinsa ƙwai da maniyyi suke haɗuwa, sannan su gangara mahaifa cikin 'yan kwanaki. Ba a manne yake da ma'ajiyar ƙwai ba, bakinsa yana da 'yan yatsu masu shawagi da ke cafko ƙwan, har yakan cafko na ɗaya ɓangaren. Sai dai wadda abin ya taɓa samu ta fi sauran mata haɗarin maimaituwarsa, don haka da zarar gwaji ya nuna ciki, ki je a yi miki hoto a makonnin farko a tabbatar yana cikin mahaifa. Ciwon mara a gefe ɗaya, ɗigar jini ko jiri, kada ki jira wayewar gari.

Matata ta haifi 'ya'ya mata huɗu a jere. 'Yan'uwa sun ce mahaifarta ce ba ta ɗaukar namiji.

Malam, mahaifa ba ta zaɓe. Ƙwan mace kullum ƙwayar halitta X yake ɗauke da ita. Ƙwayoyin maniyyinka ne suka rabu gida biyu, rabi X rabi Y, wanda ya riga shiga ƙwan shi ya yanke hukunci: X mace, Y namiji. Kowane ciki kuma lissafinsa sabo ne, kusan rabi da rabi, huɗun baya ba su da ta cewa a kan na biyar. In 'yan'uwan sun dage sai sun san ta ina abin ya biyo, to ta wajenka ne, ka gaishe mini da uwar 'yan matan.