Doki ne ko "pony"? Amsa ga sabon mai sha'awar folo

Ɗan'uwa, ka ce ka fara zuwa kallon folo, wato ƙwallon dawaki, a filin da ke kusa da Dandalin Murtala a Kaduna, wasu tsofaffin 'yan kallo suka yi maka ca saboda ka ce "doki" maimakon "pony", kana tambaya ko kai ne da laifi.

Ba ka da laifi ko kaɗan. Sunan "pony", wato ƙaramin doki a Turanci, ya samo asali ne tun lokacin da Turawan Ingila suka ƙayyade tsayin dabbar da za a hau a wasan. An soke wannan doka a 1919, sunan ne kawai ya zauna. Dawakin Ajantina da ake kawowa Kaduna yau cikakkun dawaki ne, kuma Bahaushe ya san doki tun kafin folo ta iso ƙasar nan.

Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Yaro ya zo da ɗokinsa, a kunyata shi a kan suna, gobe ba zai dawo ba, sannan mu zauna muna kukan matasa sun guje wa wasan.

Ka mai da hankali kan dokokin. Mutum huɗu ne kowane ɓangare, kowace caka (wato zagaye ɗaya na wasan) minti 7 ce, sanda kuma da hannun dama kaɗai ake riƙe ta. Mafi muhimmanci shi ne layin ƙwallo: wanda ke bin hanyar da ƙwallo ta bi shi ke da hanya, gitta masa laifi ne, domin nan ne dawaki ke karo a ji wa mutane ciwo. In an tafi hutun rabin lokaci, shiga fili ka taya tattake ramukan kofato.