Ƙafar baka ba karaya ba ce

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na sallami matar nan da ɗanta mai ƙafar baka ban ɗaura masa ko kara ɗaya ba, alhali da kuɗinta ta zo. To zauna ka ji, ɗana.

Aikinmu ɗori ne: karaya, targaɗe, gocewar ƙashi. Yaron nan ba shi da ko ɗaya. Shekararsa ɗaya da 'yan watanni, bai daɗe da fara tafiya ba, kuma ƙafafun biyu sun lanƙwasa daidai wa daida. Haka yawancin jarirai suke zuwa, saboda yadda suka naɗe a ciki. Wajen shekara 2 ƙafar kan miƙe, daga nan ta zarce ta koma gwame, gwiwoyi na gugar juna, abin ya fi fitowa a shekara 3 zuwa 4, kafin shekara 7 ta daidaita. Tsofaffi kan ce goyo ne ya jawo, amma ba shi ba ne. In ka ɗaure irin wannan ƙafa da karare, ba abin da ka miƙar, sai dai ka tare jini ka ji wa fata ciwo. In ta miƙe don kanta kuma a ce aikinka ne. Ni ba na cin wannan kuɗin, kai ma kada ka ci.

Amma ka ga ban sallame su da ka ba. Na haɗa idon sawunsa, na auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyi, na karya kara daidai da ita na ba uwar ta adana, ta dawo da shi bayan wata shida mu gwada. Sannan na taɓa wuyan hannunsa, na bi haƙarƙarinsa da yatsa.

Abin da nake nema laushin ƙashi ne, wanda likitoci ke kira riket. Wuyan hannu kan yi kauri kamar an zura masa awarwaro, ka ji ƙulle-ƙulle a jere inda haƙarƙari ya haɗu da guringuntsi, yaro ya makara bai yi tafiya ba, in an tsayar da shi ya fashe da kuka. Likitoci a Jos sun bincika a shekarun 1990, suka gano a nan ƙasar galibi ba rashin hasken rana ne ke jawo wa yara wannan laushin ba, ƙarancin kalsiyam ne, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. An yaye yaro a kan koko da tuwon masara, babu nono ko kaɗan. Maganinsa kalsiyam na asibiti na kusan wata shida, a haɗa da kindirmo da ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu. Hannunka da nawa ba sa yin wannan.

In kuwa ƙafa ɗaya ce ta lanƙwashe, ko abin na ƙaruwa bayan shekara 2, ko yaron na ɗingishi, musamman mai ƙiba da ya yi saurin tafiya, to wataƙila ƙashin da ke ƙasan gwiwa ne ba ya girma daidai. Kada ka riƙe shi kana shafa man shanu wata da watanni. Ka tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a ɗauki hoto. In an je da wuri takalmin ƙarfe na iya isa, in an makara sai tiyata.