In karɓi shugabancin ƙungiyar masu fasaha ba tare da albashi ba?

Malama, kin ce ƙungiyarku ta masu zane da wasan kwaikwayo, mai membobi a garuruwa da dama, ta nemi ki shugabance ta a matsayin aikin sa kai. Shawarata ki karɓa, amma kada ki amsa sai kin ga takardu.

Nemi kundin tsarin mulkin ƙungiyar, ki duba wa'adin shugaba da wanda ke sa hannu a asusun banki. Idan mutum ɗaya ne ke iya fitar da kuɗi, daga nan za ki fara gyara: sai mutum biyu sun sa hannu, ma'aji kuma ya riƙa karanta rahoto a kowane zama. Ki tambaya ko akwai bashi, ko tallafin da aka karɓa ba a bayar da bayanin yadda aka kashe shi ba. Masu ba da tallafi ba sa manta irin wannan, kuma ke za su tuhuma.

Shirya baje koli ba shi ne wahalar ba, sasanta mutane ne. Kowane mai zane gani yake aikinsa ya cancanci bango mafi kyau. Idan ke ma kina zane, ki janye daga kwamitin tantancewa duk ranar da naki ke ciki.

Tunda membobi a warwatse suke, a riƙa juya wurin taro, wani sa'in a yi ta intanet, don kada na nesa su ji an ware su.